Masu Kashe Fenti da Hannunsu: Ire-iren Masu Sabuwar Mota a Fatakwal, Anaca da Inugu

Duk wanda ya san unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anaca da Inugu ya san yadda ake karɓar sabuwar mota. Ko daga kamfanin Innoson na Nnewi ta fito fil a leda, ko tokumbo ce da ta biyo ta Legas ko Kwatano, makon farko na taya murna ne: 'yan majalisa su kewaye ta, a buɗe gaba a leƙa inji, a yi ta "a kashe lafiya, Alhaji". Daga mako na biyu sai a shiga hidimar wanki, kuma daga nan ɓarna take somawa. In fenti ya dushe bayan shekara guda, za ka ji mai mota yana ɗora laifin a kan baƙin hayaƙin Fatakwal, ko ƙurar Anaca, ko jar ƙasar Inugu. Kowannensu yana da nasa kason, amma babban mai laifin yana cikin gida, riƙe da tsumma. Datti zama kawai yake yi a kan mota. Hannun mai ita ne ke cuɗa shi cikin fenti.

Hujjar tana jikin motar. Fentin zamani hawa-hawa ne: akwai shafin ƙasa mai kama ƙarfe ya hana tsatsa, akwai launin kansa, sannan a sama akwai wani shafi garai-garai marar launi, wanda ke ba da sheƙi yana kuma kare launin daga rana. Wannan na sama kaurinsa bai cika wuce maikiron 50 ba, wato bai kai fallen takarda ba, kuma in ya zaizaye ba ya dawowa sai an sake feshi. Ga kuma abin da ke sauka a kansa kullum. A shekarar 2016 alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun sa Anaca a sahun farko cikin biranen duniya wajen ƙurar da ke yawo a iska, da ma'aunin maikirogiram 594 a kowace kyubik mita ta iska, kusan ninki 30 na abin da hukumar ta amince da shi a lokacin. A ƙarshen wannan shekarar kuma mutanen Fatakwal suka fara wayar gari suna tarar da baƙin gari a kan motoci da tagogi, wanda aka danganta da matatun mai na bayan fage da ƙona tayoyi. Duk mai taɓa mota a irin waɗannan garuruwa, da wannan gari yake taɓa ta.

Na farko a jerinmu shi ne Alhaji Mai-Tsumma, wanda ya fi yawa a Diobu da Oyigbo. Yana dawowa daga sallar asuba zai zaro wata tsohuwar singileti daga ƙarƙashin kujerar direba, ya hau share mota a bushe yana zagaya hannu. In ya shiga kasuwa ya fito ya share, in yaro ya dangwala yatsa ya share, in kaza ta gifta ya share don kada a ce. Singiletin nan ta kwashe yashin wata uku ba a taɓa jiƙa ta ba, don haka kowane zagaye na hannunsa zane ne yake ƙarawa. Ranar da rana ta haska baƙar motarsa ya hango zoben ƙarce sun cika murfin gaba, sai ya ce ai fentin kamfanin ne ba shi da kyau, ya sake zaro singiletin don ya gyara.

Na biyu Sarkin Kumfa ne. A wurinsa tsabta ana auna ta da tsayin kumfa, shi ya sa yake aika yaro cikin gida ya ɗebo omo, wani lokaci har da soson wanke-wanke na uwargida. Garin wankin tufafi da sabulun kwanuka an yi su ne don su cinye maiƙo, kuma kakin da ake shafa wa mota don kariya dangin maiƙo ne, saboda haka wanki biyu ko uku ya isa ya tuɓe mata wannan kariya, ya kuma bar robobin gefen gilashi sun yi fari sun bushe. Sarkin Kumfa ba ya ganin haka. Shi dai ya shafa yatsa ya ji jikin mota yana ƙara, ya ce yanzu ta fita. Uwargida kuwa tana can tana neman sosonta.

Na uku, Malam Bokiti-Ɗaya, ɗan Inugu ne, kuma uzurinsa ya fi na kowa ƙarfi. Garin da aka gina a kan tuddan kwal ba ya ba da ruwan rijiya da sauƙi, gidaje da yawa a Awkunanaw da kewayen kasuwar New Artisan da tankar ruwa suka dogara, kowane jarka da kuɗinsa. To amma dubi tsarin aikinsa: da tayoyi yake farawa don su suka fi datti, ya tsoma soso a laka ya mayar cikin bokiti, kafin ya iso rufin mota ruwan ya koma kunun jar ƙasa, da shi kuma zai ƙarasa har gilashi. Abin da ya yi bai wuce ya kwaso yashin ƙasan mota ya raba wa samanta daidai wa daida ba. Ya tsimi ruwan jarka ɗaya, zai biya mai fenti kuɗin tanka da yawa.

Na huɗu Mai Wankin Azahar ne, wanda za ka tarar a layukan da ke kusa da kasuwar bakin gada a Anaca. Yana da inuwa a cikin gida, amma a cikin gida wa zai gan shi? Sai rana ta take, jama'a na kai da komo, zai fito da motar bakin titi, ya buɗe ƙofofi huɗu, ya ƙure rediyo, ya naɗe hannun riga. Ƙarfe ya yi zafi, ruwan sabulu yana bushewa kafin a ɗauraye, gishirin da ke cikin ruwan burtsatse ya zauna ya bar ɗige-ɗige masu wuyar fita. A tsakanin sabulu da ɗauraya zai tsaya ya amsa gaisuwar mutum goma, ya faɗa wa kowannensu nawa ya saye ta, da ƙarin kaɗan.

Na biyar shi ne Mai Lulluɓi, wanda ya mayar da mota amaryar kulle. Ledar kujeru tana nan bayan wata shida, fasinja na zamewa a kai yana gumi, da yamma kuma a rufe ta da tamfol a ɗaure da igiya, a ɗora bulo a kusurwa. Bai wanke ta kafin rufewa ba, don haka duk iskar da ta kaɗa tamfol tana goga ƙura a jikin fenti har gari ya waye, kuma a garin da iska ke ɗauke da laima, danshi yana kwana a ƙarƙashin rufin. Kishiyarsa a ɗabi'a shi ne na shida, Malam Ruwan-Allah, wanda ke cewa garin da ake samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara, kamar Fatakwal, wauta ce mutum ya ɗauki bokiti. Ya manta ruwan yana saukowa ne ta cikin hayaƙi, ya bushe ya bar baƙin tabo. Kashin tsuntsu, mai sinadarin da ke cin shafin sama cikin 'yan kwanaki in rana ta dafa shi, yana zaune a rufin motarsa yana jiran hadari na gaba.

Na bakwai ba shi da mota, amma ya fi kowa haɗari. Shi ne Likitan Majalisa, wanda ya taɓa raka wani kasuwar Ikoku ko Mgbuka Obosi ko Coal Camp sayen kayan gyara, daga nan ya zama masani. "Ranka ya daɗe, ɗan shafa kalanzir, za ka ga kamar madubi." "Yallaɓai, man goge baki ne maganin wannan zanen." Mafi munin fatawarsa ita ce ta man birki, wanda ke narkar da fenti a zahiri. In gyaran gangar Auzinawa ya auku, ba ya rasa amsa: ai ba haka ya ce a shafa ba.

Mai karatu zai iya cewa, motar da ta shekara goma a titunan Amurka ko Beljiyam kafin ta iso, wane fenti ya rage da za a yi wa wannan dogon bayani? Ai wannan ne ma dalilin lallaɓawa, domin shafin samanta ya riga ya ragu, kuma duk dillali ya san tambayar farko da mai saye ke yi ita ce ko an taɓa yi mata feshi. Amsar tana rage farashi ko ƙara shi. Wani zai ce ruwa tsada gare shi. Gaskiya ne, amma wanki mai kyau sau ɗaya a mako bai kai cin ruwan ɓarɓaɗen kullum ba, kuma motar da ta kwana biyar da ƙura ba a taɓa ta ba ta fi wadda aka share sau biyar a bushe lafiya. Wani kuma zai ce a kai wa masu wanki a huta. Babu laifi, in an ga suna sauya ruwa suna wanke tsummansu. In soso guda ke bin tirela da ƙaramar mota, an dai biya kuɗi ne a yi wa mutum aikin Malam Bokiti-Ɗaya. Mai cewa duk wannan son duniya ne kuwa, a tuna masa cewa ɓarnata dukiya ba ya cikin tsoron Allah.

Abin da fenti ke bukata kaɗan ne, kuma duk ana samunsa a kasuwannin garuruwan nan uku. A wanke da sassafe ko da yamma, a inuwa, jikin mota da sanyi. A fara kwarara ruwa zalla ya tafi da yashi kafin hannu ya taɓa. A ajiye bokiti biyu, ɗaya na sabulun mota, ɗaya na ɗauraye soso. A faro daga rufi a gangaro, tayoyi su zo ƙarshe da nasu soson daban. A tsane da tawul mai laushi da ba ya wani aiki sai wannan, a shafa kaki duk bayan wata biyu ko uku, a jiƙa kashin tsuntsu a ɗauke shi ranar da ya sauka. Saboda haka, Alhaji, in ka fito gobe ka tarar da ƙura a kan motar kuma babu ruwa a kusa, ka mayar da hannunka aljihu ka shiga ka tafi kasuwa.