Idan Ayana ta fara mayar da magana

Mu nan Kusugu gem ɗinmu ƙwallo ce. Bayan la'asar yara sun cika bencin shago, wannan ya ɗauki Madrid, wancan Barcelona, wanda aka ci ya biya ya tashi. Ba mu taɓa jiran mutanen cikin allo su yi mana hira ba, surutun duk namu ne.

Sai ga samari da labarin cewa an sa wa mutanen cikin gem ƙirƙirarriyar basira, ka yi musu magana su ba ka amsar da babu wanda ya rubuta musu. Nvidia ta nuna haka a 2023, da wani mai sayar da taliya yana hira da ɗan wasa. Ubisoft ta bi sahu a 2024. A watan Mayun 2025 aka sa Darth Vader mai magana a Fortnite, kafin ka ce kwabo 'yan wasa sun ja bakinsa har ya yi ashar, sai da kamfanin Epic ya yi gaggawar gyarawa.

Da zancen ya iso majalisa, wani yaro ya ce wa wani dattijo, "Kawu, a ce an yi gem ɗin Bayajidda! Ka iso Daura da dare, ka sauka gidan Ayana, ta ce maka ba a ɗibar ruwa sai Juma'a saboda macijin nan Sarki, kai kuma ka tambaye ta yadda suke yi sauran kwana shidan."

Dattijon ya ce, "Ɗana, tambayar ta yi kyau. Amma wa zai ba ta amsar? Injin da bai taɓa leƙa rijiyar Kusugu ba?"

Ni ina bayan kowannensu a wani wuri. Gem yana ƙara daɗi idan mai tallar fura ko mai jaki a kasuwa ya daina maimaita jimla ɗaya, a nan a bar inji ya sake. Amma Ayana tsohuwa ce, Daurama sarauniya ce, kuma jikokin mutanensu na nan da rai. Ba za mu so wani yaro a Legas ko Landan ya ja bakinsu yadda aka ja na Vader ba. Maganarsu a rubuta ta da hannu, a gaban dattawan fada, da Hausar Daura, kuma a sa 'yan garin nan su ɗauki muryar a biya su.