Baƙon da Ya Roƙi Ruwa Ya Ƙwace Gari

Sarakunan musu, ku gyara zama, yau da ku nake. Idan na ce muku an ci tsibirin Malta cikin kwana 3, kuma da roƙon ruwan sha aka fara, na san wani zai taɓe baki ya ce, "Malam, rage gishiri." To, ko ɗigo ban zuba ba.

Ran 9 ga Yuni 1798 Napoleon na Faransa ya iso gaɓar Malta da ɗaruruwan jiragen ruwa da sojoji fiye da 30,000, a kan hanyarsa ta zuwa Masar. Ya aika wa Hompesch, shugaban baraden Saint John masu mulkin tsibirin, cewa a bar jiragensa su shigo su ɗebi ruwa. Hompesch ya ce sai dai kaɗan-kaɗan. Washegari Faransawa suka sauka da bindigogi. Ran 12 ga wata birnin Valletta ya miƙa wuya.

"Kai! Maltar da ta gagari Turkawa?" Ita fa, Alhaji. A 1565 rundunar Sultan Sulaiman ta yi kusan wata 4 tana dukan tsibirin, ta koma hannu rabbana. Bayan nan ma aka ƙara masa ganuwa mai kauri. Amma ganuwa ba ta harbi da kanta. Yawancin baraden Faransawa ne, wasunsu ba su da niyyar harbin 'yan'uwansu. Gwamnatin juyin juya halin Faransa kuma ta ƙwace kadarorin ƙungiyar baraden tun 1792, aljihu ya bushe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Har yanzu kuna girgiza kai? Ga ƙari. Napoleon bai cika mako biyu a can ba, amma ya soke bauta, ya saki bayi Musulmi, ya kwashe azurfar coci-coci ya loda a jirginsa, L'Orient. Ran 1 ga Agusta Nelson na Ingila ya tarwatsa jirgin a Abu Kir, gaɓar Masar. Ɓarawo bai ci ba, mai kaya bai samu ba.

A Satumba mutanen Malta suka yi bore, suka nemi agajin Ingila. Faransawa suka sallama a 1800. Mai agajin kuwa ya shimfiɗa tabarma, bai ba su 'yanci ba sai 1964.

Wanda bai gamsu ba ya je ya bincika, ina nan ina jira. Kuɗin shayi dai na kan wanda ya sha kaye.