Kafaɗar da Aka Juya wa Turmi

Kakanni, ku gyara zama, yau jikanku ne da alƙalami, kuma kun san tsakaninmu ba a kai ƙara. Alhaji ya daina sa babbar riga wai zafi ake yi, alhali hunturu ya kankama. Hajiya kuwa ta bar wa jikoki ɗaurin ɗankwali, wai gata ne. Ku faɗi gaskiya: hannu ne ya ƙi ɗaguwa, dare kuma ba a iya kwanciya ta wannan ɓarin.

Kun ce sanyin ƙashi ne, wasu sun ce jifa ne. To ku saurara. Kafaɗa turmi ce da taɓarya: kan ƙashin dantse shi ne taɓaryar, turmin kuma yana jikin allon kafaɗa, ga shi ba zurfi. Tsokoki huɗu ne da jijiyoyinsu ke riƙe taɓaryar a tsakiya. Da shekaru sukan sassaƙe har su yage. Idan yagewar ta yi girma ta daɗe, sai kan ƙashin ya haura sama yana gugar ƙashin da ke bisansa, guringuntsi ya cinye.

"A kira mai ɗori!" Ranka ya daɗe, mai ɗori karaya yake ɗaurewa, nan kuwa ba abin da ya karye. Kada kuma ku zabura, ba kowa ake kai wa tiyata ba. Tsofaffi da yawa na da yagewar ba su ma sani ba. Gashin ƙashi ake farawa da shi, da magani, wani lokaci da allura a gaɓar. Idan jijiyar na da sauran ƙwari, a ɗinke ta ta 'yan ƙananan huji. Sai waɗannan sun gaza ake zancen canji.

Na ji Hajiya daga ƙuryar ɗaki: "In dai za a canja, a sa mini irin wadda Allah Ya yi." Akwai ta, Uwargida. Likita Charles Neer na New York ya fara canja kan ƙashin da na ƙarfe tun shekarun 1950, daga baya aka haɗa da turmin roba. Amma ita wannan tana bukatar jijiyoyi huɗun nan lafiya lau. In babu su, kan ƙarfen zai riƙa hawa gefen turmin yana girgiza shi har ya kwance. Canja kan kaɗai kuma yakan rage ciwo, amma ɗaga hannu ba tabbas.

Sai wani Bafaranshe, Paul Grammont na birnin Dijon, ya juya abin a 1985. Ya dasa ƙwallon, wato kan ƙarfen, a jikin allon kafaɗa, ya mayar da turmin kan dantse. Yi dariyarka, Alhaji, na ga haƙoran da suka rage. Hikimar ita ce wannan juyi yana sa babbar tsokar da ta lulluɓe kafaɗa ta waje ta ɗauki aikin ɗaga hannu ita kaɗai. Sharaɗin shi ne tsokar da jijiyar da ke ba ta umarni su kasance da rai.

Ba ku kuka fara tababa ba. Amurka da kanta sai 2003 ta ba da izini, shekara 18 tana harare-harare, yau kuwa likitocinta sun fi yin juyayyiyar. Tababar ma tana da tushe: kafaɗar farko da Jules Péan ya dasa a Paris a 1893, ta filatinam da roba, bayan shekara biyu aka cire ta saboda ƙwayoyin cuta. Ta yanzu kuwa, kusan kashi 90 cikin 100 suna nan daram bayan shekara 10.

"Ƙarfe a jiki, ba zai jawo tsawa ba?" Tsawa ba ta san da zamanka ba. Iyakaci na'urar filin jirgi ta yi ƙara ranar tafiya Umara.

Amma kada in yi muku daɗin baki. Ana iya samun ƙwayoyin cuta, gaɓar na iya gocewa, ƙashin saman kafaɗa na iya tsagewa. Za a rataye hannu makonni, gashi kuma na watanni ne, ba a aika jika ya yi maka. Ɗaga hannu don kabbara da kai loma baki sukan dawo, amma kai hannu baya yakan yi wuya. Don haka in kafaɗar hagu ce, ku ajiye kunya ku tambayi likita batun tsarki tun kafin a shiga ɗakin tiyata. Kuɗin ma ba na goro ba ne, a tara 'ya'ya a yi lissafi.

Ku je a ɗauki hoto, a Asibitin Ƙashi na Dala ko wurin likitan ƙashi mafi kusa, a gaya muku rukunin da kuke. In kuma Alhaji ya ƙi, ba komai, na saba jira. Amaryata Hajiya ta daɗe tana cewa mai iya ɗaga buhun gero take so.