Jinjina Ga Masoyin 'Ya'yan Mutane

Masu kukan cewa ƙauna ta ƙare a duniya ba su taɓa jin labarin mai goyon bayan ƙwallon jami'a a Amurka ba. Wasan nan nasu nake nufi, ɗan'uwan zari-ruga, wanda ake rungume ƙwallo mai siffar ƙwai a ƙirji a sheƙa da gudu, ƙarti sanye da hular kwano suna bin mutum su tumurmusa shi. Daga ƙarshen Agusta har Janairu, duk ranar Asabar, bawan Allahn nan yakan ajiye iyalinsa da sabgoginsa, ya shafa wa fuskarsa fenti, ya tafi ya yi wa 'ya'yan mutane kururuwa har muryarsa ta dushe. Filin Jami'ar Michigan kaɗai yana cin mutum fiye da 107,000, kuma maƙil yake cika. Da yawa cikin masu kururuwar ba su taɓa zama a ajin jami'ar da suke mutuwa a kanta ba, abin da ke ƙara nuna cewa don Allah suke yi.

Ƙaunarsa ba ta jiran yaro ya mallaki hankalin kansa. Tun yana sakandare, ɗan shekara 15 ko 16, a can wani lungu na Georgia ko Texas, masoyinmu ya riga ya san tsawonsa da nauyinsa, da daƙiƙa nawa yake ci a gudun yadi 40, har da faɗin tafin hannunsa. Akwai kamfanoni irin su Rivals da 247Sports da On3, sana'arsu ita ce liƙa wa yara taurari: wannan mai uku, wancan mai huɗu, sai 'yan gata kimanin 30 a shekara da ake ba biyar. Masoyinmu yana biyan kuɗin wata-wata don a riƙa tsegunta masa inda zuciyar yaro ta karkata. Da dillalin shanu a kara zai ga yadda mutumin nan yake shafa tozo, ya buɗe haƙori, ya leƙa kofato, duk ta gilashin waya, da ya cire hula ya roƙi a koya masa sana'a. Kada dai a tambaye shi ajin da ɗan cikinsa yake. Ai kai ɗaya ba ya ɗaukar jinka biyu.

A 2010 Lane Kiffin, kocin Jami'ar Kudancin California a lokacin, ya yi wa wani yaro mai suna David Sills alkawarin gurbi yana ɗan shekara 13. 'Yan baƙin ciki suka ce an yi gaggawa. Ina gaggawar take? Da sanyin safiya ake kama fara. Kocin dai an sallame shi a 2013, a filin jirgin sama, cikin dare, tun yaron bai gama sakandare ba, shi kuwa yaron can West Virginia ya ƙare.

Sai ranar sa hannu, wato sallar masoyinmu. A zaunar da yaro gaban kyamara, a jera masa hulunan jami'o'i uku ko huɗu a kan tebur, uwa a dama, kaka a hagu, ƙannai sun yi cirko-cirko a baya. Ya miƙa hannu wajen wannan ya fasa, ya ɗauki waccan ya kifa a ka. A daidai wannan daƙiƙa ake ganin zurfin ilimin masoyinmu. In hularmu yaro ya ɗauka, to ɗan gidan mutunci ne, da ganinsa ka ga tarbiyya, kuma an rage masa tauraro ɗaya ne saboda hassada. In ta maƙwabta ya ɗauka, dama can ba mu so shi ba, ƙafarsa da nauyi, tsoron gasa yake ji, kuma kowa ya san an kai wa kawunsa jaka. Mutum ɗaya, yaro ɗaya, hukunci biyu, tsakaninsu ko minti guda babu. Sa'an nan saboda tsabar kulawa ba zai bar abin a ransa ba. Dattijo mai furfura zai nemo shafin ɗan shekara 17 ya rubuta masa nasiha, irin wadda ba a maimaitawa a gaban surukai.

A Janairun 2012 Landon Collins, ɗan jihar Louisiana, ya zaɓi Alabama a talabijin kai tsaye, mahaifiyarsa na zaune a gefensa ta ɓata rai, ta ce ita jami'ar gida LSU take so. Masoya suka shafe makonni suna taya iyalin warware rikicinsu na cikin gida, kyauta. A Disamban 2021 kuma Travis Hunter, wanda aka sa a sahun farko a duk ƙasar, ya yi jifa da hular Florida State ya bi koci Deion Sanders zuwa Jackson State. Sanders tsohon gwarzon Florida State ne, sun yi shekaru suna alfahari da shi. Kafin gari ya waye wani masoyi ya cinna wa rigar Sanders wuta, ya ɗauka a bidiyo don 'yan baya su amfana.

In ana maganar kishi kuwa, dole a miƙe tsaye a ambaci Harvey Updyke. A garin Auburn akwai wasu tsofaffin itatuwa biyu a kusurwar da ake kira Toomer's, inda ɗalibai ke zuwa su yi musu ado da takardar bayan gida duk ranar da aka ci wasa. A Nuwamban 2010 Alabama ta yi gaba da maki 24 da nema, sai Auburn da gwarzonta Cam Newton suka farfaɗo suka cinye 28 da 27, a gidan Alabama. Wani mai ƙaramar zuciya da sai ya kwana da takaici ya tashi ya tafi aiki. Updyke, tsohon ɗan sandan babbar hanya a Texas, wanda ya raɗa wa ɗansa Bear Bryant, sunan tsohon kocin Alabama, ya raɗa wa 'yarsa Crimson Tyde, laƙabin ƙungiyar, ba irin waɗannan ba ne. Ya samo maganin kashe ciyawa mai ƙarfi, Spike 80DF, ya je ya shayar da itatuwan. Kuma da yake aikin alheri ba ya son ɓoyo, a Janairun 2011 ya buga waya a shirin rediyon Paul Finebaum ya sanar da duniya da bakinsa, ya rufe da kirarin ƙungiyarsa. Itatuwan suka yi ta jinya har aka sare su a Afrilun 2013. Kotu, da ba ta san darajar ƙauna ba, ta ɗaure shi, ta ce ya biya diyyar kusan dala 800,000. Ya rasu a 2020, abin da ya biya bai taka kara ya karya ba. A lura da adalcinsa: itatuwan ba su buga wasan ba, amma a Auburn suka tsiro, kuma sun ji ana murna ba su hana ba.

Mutanen Ohio ma ba a bar su a baya ba. Makon da za su kara da Michigan, bi suke suna liƙe harafin M a allunan jami'a da jan salatif, kada ido ya yi mugun gani. A ranar 30 ga Nuwamban 2024 Michigan ta zo har gida ta doke su 13 da 10, 'yan wasanta suka tashi kafa tuta a tsakiyar fili, aka kaure da dambe har sai da 'yan sanda suka fesa barkono. An ci kowace jami'a tarar dala 100,000, wani ɗan majalisar jiha kuma ya kawo ƙudurin a mayar da kafa tuta a filin babban laifi. Masoya suka ce lallai a kori koci Ryan Day, ba shi da amfani. Bayan mako bakwai ya ɗauko musu kofin ƙasa baki ɗaya. Suka ce ai dama sun faɗa.

Amma duk wannan somin taɓi ne. Tausayin masoyinmu sai ranar da yaro ya faɗi bai tashi ba. Fili ya yi tsit, 'yan wasa su durƙusa a gwiwa ɗaya, a shigo da ƙaramar mota a kwashe shi, ya ɗaga babban yatsa, a tafa. Masoyinmu ya rubuta cewa yana yi masa addu'a. Layi na biyu, ba tare da ya sauke numfashi ba: mako nawa zai yi, wane ne na bayansa, taurarinsa nawa? Wa ya ga mai haƙuri da ƙaddara irin wannan, da ke kammala zaman makoki kafin a dawo daga talla?

A ranar 16 ga Nuwamban 2019 Alabama na cin Mississippi State 35 da 7, saura 'yan mintoci a tafi hutu, mutum biyu suka danne ɗan wasan Alabama Tua Tagovailoa, ƙashin kwatangwalonsa ya goce. Jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke shi zuwa Birmingham. Masoya suka shiga tashin hankali ƙwarai, don ba a san yadda kwamitin zaɓen ƙungiyoyi huɗu na ƙarshe zai ɗauki lamarin ba. Kwamitin nan kuwa shi ma masoyi ne. A 2023 Jordan Travis na Florida State ya karye a ƙafa, abokansa suka daure suka gama kaka da nasara 13 ba faɗuwa ko ɗaya, kwamiti ya duba ya ce tunda ƙafar ta karye, ba su cancanta ba. Ka ga an ba ƙafar yaro darajar da ta fi ta mutum ɗari.

Masoyinmu likita ne kuma. Daga kujerarsa, da kwanon naman kaza a cinya, yana gane yagewar jijiyar gwiwa ta maimaicin bidiyo, yana kuma gane mai lambo. Yanzu ma an sauƙaƙa masa: rukunin jami'o'in Big Ten tun 2023, na SEC tun 2024, suna fitar da jerin masu rauni kafin wasa. Wasu na cewa don 'yan caca ne, tunda Kotun Ƙoli ta buɗe ƙofar cacar wasanni a 2018. Zato zunubi. Don a san wanda za a kai wa dubiya ne.

Abin da ba ya yafewa shi ne butulci. A ranar 1 ga Janairun 2016 Jaylon Smith na Notre Dame, wanda ake sa ran za a ɗauka cikin 'yan farko a gasar ƙwararru ta NFL, ya buga wasan rufe kaka, gwiwarsa ta tarwatse, ya gangaro zuwa na 34, miliyoyin daloli suka bi ruwa. Wannan shi ne ɗan halak. A ƙarshen shekarar Christian McCaffrey da Leonard Fournette suka ga abin da ya faru, gemun ɗan'uwa ya kama wuta suka shafa wa nasu ruwa, suka ce ba za su buga nasu wasan rufe kakar ba. Kai, ranar sun ji suna: masu son kai, matsorata, waɗanda ba su san girman riga ba. Ƙasa da mutum 2 cikin 100 na 'yan wasan jami'a ne ke kaiwa NFL, saboda haka wanda ya kusa kaiwa ya kamata ya nuna wa sauran cewa shi ma gwiwarsa ba ta fi tasu ba.

Akwai labaran da masoyinmu, saboda kunya da kawaici, ba ya son a daɗe a kansu. Binciken Jami'ar Boston na 2017 ya duba ƙwaƙwalen tsofaffin 'yan wasan jami'a 53 da iyalansu suka bayar bayan sun mutu, ya sami cutar da yawan gwaruwar kai ke jawowa a 48. Zai ce ai iyalan da suka ga alama ne suka bayar, kuma gaskiyarsa ne, sai ya ƙara sautin talabijin. Jordan McNair kuma, ɗan shekara 19 a Jami'ar Maryland, zafi ya buge shi a wajen atisaye ranar 29 ga Mayun 2018. Ba a tsoma shi a ruwan sanyi ba, an ɗauki fiye da awa ɗaya kafin a kira motar asibiti, ya rasu ranar 13 ga Yuni. Hukumar jami'a ta mayar da koci DJ Durkin bakin aiki ranar 30 ga Oktoba, da ihu ya yi yawa aka kore shi washegari. Bai tagayyara ba, alhamdu lillahi. Ole Miss ta ɗauke shi, sai Texas A&M, sai Auburn, masoyan kowacce kuma suka duba alƙaluman tsaron gidansa suka ce an yi dace.

Ga shi yanzu an ɓata wa bawan Allah wasansa. Tun 2018 yaro na iya shigar da sunansa a rajistar sauya sheƙa, tun Yulin 2021 yana iya karɓar kuɗi da sunansa da hotonsa, a 2025 kuma kotu ta amince jami'a ta raba wa 'yan wasanta har kusan dala miliyan 20 da rabi a shekara. Masoyinmu ya dafe kai: amana ta mutu, yaran yanzu kuɗi suka sa a gaba. Dole a tausaya masa, don ya san zamanin albarka. A 1955 Ray Dennison na kwalejin Fort Lewis a Colorado ya mutu sakamakon bugun da ya sha a ka cikin wasa, matarsa ta nemi diyyar ma'aikaci, kotun ƙolin jihar ta ce ba ma'aikaci ba ne, kwalejin kuma ba kasuwancin ƙwallo take yi ba. Ga tsabta! Ko Reggie Bush sai da ya mayar da kambun Heisman na gwarzon ɗan wasan shekara a 2010 saboda alherin da aka yi wa iyalinsa, bai sake ganinsa ba sai 2024. Big Ten ta sayar da haƙƙin nuna wasanninta a kan kusan dala biliyan 7 a 2022, amma wannan kuɗin ilimi ne, ba ya ɓata tarbiyya.

Su manya ai ba sauya sheƙa suke yi ba, ci gaba suke samu. Brian Kelly ya bar Notre Dame a ƙarshen Nuwamban 2021, yaransa na tsaka da sa ran shiga zagayen neman kofi, ya tafi LSU a kan dala miliyan 95 na shekara goma. Yaran a waya suka fara ganin labarin. Masoyan LSU suka tarbe shi da tafi, suka ce ga mutum mai hangen nesa. Texas A&M kuwa da ta gaji da Jimbo Fisher a Nuwamban 2023, sai ta sallame shi da fiye da dala miliyan 75 don ya zauna a gida ya huta, masoya suka ce kuɗin bai yi yawa ba in dai za a samu wanda zai iya kawo yara masu taurari biyar. Ana nan ana biyansa kashi-kashi har 2031.