Tsohuwar kat-kat a gareji

A Damagaram tsohuwar Land Cruiser ba ta mutuwa, sai dai ta kwanta jinya. Bakanike ya sauke bwat, ya baje haƙoranta a kan buhu, ya ce, "Alhaji, ciwon kaɗan ne." Kaɗan ɗin kuwa: kardan ya cinye, pon na gaba yana yoyon mai, ambireyaj ya riga mu gidan gaskiya tun zamanin Tandja. Aka aika Ƙofar Ruwa a Kano, ta Matameye. Kaya suka zo, suka ƙi zama, aka mayar.

Ran gwaji aka kama hanyar Tanout. Ƙafa huɗu na ja, wallahi, amma giyar baya kaɗai ke shiga ba gardama. Bakanike ya ce, "To Alhaji, da ma ba gida za mu koma ba?"