Mas'alar Gwangwanin Biskit

Duk yaron da ya tashi a gidan Bahaushe, ko a Kano ne ko a Damagaram ko a zangon Kumasi, akwai wata jarrabawa wadda ba makawa sai ya gamu da ita tun kafin ya mallaki hankalin kansa, ita ce ranar da zai hango shuɗin gwangwanin nan na biskit ɗin ƙasar Denmak a bisa kabet, ya faki idon mahaifiyarsa, ya jawo kujera ya taka, ya sauko da shi yana haɗiyar yawu, ya buɗe murfin da bisimilla, sai ya iske allurai da kwarkwaron zare da maɓallai iri-iri da tsohon zik da wata reza wadda tsatsa ta gama cinyewa. Kamfanin Royal Dansk, wanda ke cika wannan gwangwani tun 1966, yana zaton biskit yake sayarwa, alhali kuwa bisa ijma'in iyaye mata na gabas da yamma akwatin ɗinki yake sayarwa, biskit ɗin gyara ne kawai aka ɗora wa mai saye. Har yau kuwa ba a sami adilai biyu da za su tsaya gaban alƙali su shaida cewa sun ga sa'ad da aka ci abin da ke ciki na asali ba.

Gwangwani ɗaya ba laifi ba ne, mai yiwuwa ma a lissafa shi cikin mustahabbai, domin gidan da babu allura a cikinsa gida ne da ke jiran tonon asiri. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne gwangwanin nan ya hayayyafa a wannan zamani, ya haifi robobi, robobi suka haifi kantoci, kantoci kuma suka nemi a ba su ɗaki sukutum, har aka wayi gari tanadin kayan sana'a da jera su da kakkaɓe musu ƙura ya zama sana'a mai zaman kanta, wadda ba ta bar wa ainihin sana'ar lokaci ko wurin zama ba.

Asalin wannan bidi'a, gwargwadon yadda ta iso mana yanzu, daga Amurka take. Mutanen can suna da wata tsohuwar ta'ada ta haɗa littafin manne-manne, inda ake liƙa hotunan iyali da tikitin jirgi da yankin jarida da katin gayyata, a ƙawata gefensu da takardu masu launi, domin jikoki su gani su san daga inda suka fito. Shahararren marubucinsu Mak Tuwen, da ya gaji da dangwalar gam, sai ya ƙago littafi mai gam a jikin shafukansa, ya yi masa rajista a 1873, ya kuwa ci riba da shi. A 1981 aka buɗe kanti na musamman don kayan wannan aiki a jihar Yuta, ƙasar mabiya cocin Momon, waɗanda suka shahara da bin diddigin nasaba, daga nan kuma abin ya bazu har ya zama kasuwa mai girma: takarda mai inci 12 tsawo da faɗi, almakashi mai yankan haƙori, hatimai, zare mai ƙyalli, da injin Cricut mai yanka fure da kansa. To da yake ɗan Adam ɗaya ne ko ina yake, ba a jima ba sai saye ya rinjayi mannawa, matan Amurka suka shiga keɓe ɗaki guda a gidajensu, suna ɗaukar hotonsa suna nuna wa duniya, ga kanta bisa kanta, komai da mazauninsa da sunansa a rubuce, ga tebur fari tas wanda kowane mai basira zai gane ba a taɓa ɗiga masa gam ba.

Wayar hannu ce ta yi dakon wannan hoto har cikin ɗakunan matanmu, ta kuwa tarar da ƙasa a jiƙe, domin daidai lokacin ne azuzuwan koyon sana'a suka cika WhatsApp, yau a koyi jakar duwatsu, gobe saƙar kwarashi, jibi humra da turaren wuta, gata kwalliyar zanin gado, kowane darasi kuma yana zuwa da jerin kayan da sai an saya kafin a fara.

Matar wana tana cikin waɗanda suka karɓi wannan kira hannu bibbiyu. Niyyarta ta farko kyakkyawa ce ƙwarai, wato ta haɗa littafin hotunan sunan 'yarta, ta kuma riƙa ɗan ɗinkin hula da saƙa don rage zaman banza. Sai ta fara da korar buhunan masara daga ɗakin ajiya zuwa zaure, ta kira kafinta ya buga kantoci, ta yi sawu a kasuwar Ƙofar Wambai wajen masu robobi har suka san muryarta, ta bi Kantin Kwari tana tsintar yadi gutsure-gutsure, sa'an nan ta zauna ta rarrabe zarenta bisa launi da irin tahaƙiƙin da ba a samu sai wurin masu ilimin tajwidi. A nan na fara sanin cewa ja ba ɗaya ba ne, akwai ruwan hanta, akwai ruwan makuba, akwai ruwan goro, kuma wanda ya haɗa ruwan zuma da ruwan ƙasa a roba guda ya yi kuskuren da sai an warware jerin duka an sake. Kowace roba da 'yar takarda a goshinta an rubuta abin da ke ciki, har da wadda aka rubuta wa "Sauransu", ita ce kuma ta fi kowace girma.

Da ta kai ni ziyarar wurin, na cire takalmi a bakin ƙofa bisa umarni, na duba sama na duba ƙasa na yi tasbihi, sa'an nan na yi amfani da haƙƙin wasan da ke tsakanin mutum da matar wansa na ce, "Yaya, wuri ya yi kyau, Allah ya sa albarka. To ina aikin?"

Ta ce, "Kai dai ƙanin miji ba ka iya ganin abu ka yi shiru. Ana fara aiki ne wuri bai kammala ba?"

Na ce, "Saura me?"

Ta ce, "Saura babbar robar da zan zuba ƙananan robobin da suka yi saura."

Na miƙa hannu zan taɓa wani zare mai sheƙi, ta buge hannun, ta ce wannan DMC ne na Faransa, irin wanda ake yi wa manyan huluna aiki da shi, ba a taɓa shi sai babban aiki ya zo. Jaririyar da aka yi niyyar littafin dominta yanzu ta kusa izu goma a Islamiyya, hotunan sunan kuwa suna cikin wata waya da ta faɗa bokitin wanki tun tuni.

In muka bi mas'alar ta hanyar ƙiyasi, ba za mu sha wahalar gano asalin da za a mayar da wannan reshe gare shi ba, domin jeren ɗakin amarya yana nan tun kaka da kakanni: daga ƙorai aka koma tasoshi, daga tasoshi aka koma langa da samira, daga nan aka koma tangaran a cikin kabet mai gilashi, kuma a duk waɗannan zamunna ba a taɓa jin wanda ya ci tuwo a cikin kwanon jere ba. Illar da ta haɗa su ɗaya ce, a shigo a gani a ce masha Allahu. Bambancin kawai shi ne kwanon jere bai taɓa da'awar cewa zai yi aiki ba, kuma ranar da aka shiga matsi ana iya ciro shi a sayar a rufa asiri, amma rabin kwalbar gam da ta bushe, ko dillaliya ba ta karɓarta.

Abin da ke ƙara ɗaure kai shi ne mutanen da suka yi aikin hannu na haƙiƙa a ƙasar nan ba su san wannan shiri ba. A 1851, shekarar da Aizak Singer ya yi wa keken ɗinkinsa rajista a Amurka, Bajamushen nan Bart, wanda ya yi yawonsa da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano ya tarar da tufafin da ake saƙawa ana rinawa a nan suna kaiwa har Tambutu da Gat da Murzuk da Tarabulus. Zaren da aka yi wannan fatauci da shi mata ne suka kaɗa shi a tsakar gida, kuma ɗaukacin masana'antar kowace ɗaya daga cikinsu bai wuce cikin taskira guda ba: mazari, da auduga, da ɗan alli na shafa wa yatsu. Je ka birnin Zariya yau ka ga mai aikin babbar riga a gindin bango bisa tabarma, ya ɗora yadi a gwiwa, allura ɗaya a hannu, zare rataye a wuya, yana fitar da aska takwas wadda sarki zai sa ya hau doki ranar Salla. Ka dubi mai ɗinkin hula a ƙofar gida, kayan aikinsa duka a aljihu. Ka dubi alaramma mai zayyana, da kurtun tawada da alƙalamin kara da gafaka. Da za a ba waɗannan bayin Allah ɗaki mai kanta bakwai, ina kyautata zaton barci za su riƙa yi a ciki.

Sai kuma babin ƙyalle, wanda shi ne mafi faɗi a wannan fanni, tun kafin waya ta zo. Babu macen da za ta kai ɗinki wurin tela ta dawo ba ta tambayi ragowar yadinta ba, ko da bai fi tafin hannu ba, ta ninke shi ta tura cikin bakko a ƙarƙashin gado da hujjar cewa wata rana zai yi amfani. Ita wannan "wata rana" ba ta cikin kwanaki bakwai na mako, ba ta cikin watanni goma sha biyu na hijira, amma dominta ake ajiye gwangwanin Nido da na Bournvita da kwalbar Bama da robar fenti da ledar da aka wanke aka shanya. Nisabin awaki 40 ne, na shanu 30, na raƙuma 5. Da malamai sun yanka wa gwangwani nisabi, da gidaje da yawa da ake yi wa kallon talakawa sun wayi gari cikin masu fitarwa.

Wata tsohuwa ta rasu a unguwarmu, Allah ya jiƙanta da rahama, bayan an share makoki aka taru don rabon gado, aka jawo adudu da akwatin ƙarfe daga ƙuryar ɗaki. Malamin da aka gayyato ya gyara zama ya fito da takarda, yana tsammanin zinariya, sai ga ƙyallaye ɗauri-ɗauri, da maɓallai cike da gwangwanin madara, babu biyu masu kama da juna. Nan take 'ya'ya maza, waɗanda shari'a ta ba kowannensu rabon mata biyu, suka ce sun yafe, wanda kuwa ya san yadda ake rabon gado a garin nan ya san ba kullum ake jin wannan kalma ba. Matan kuwa suka baje ƙyallayen a tabarma suka shiga karatu: wannan ankon bikin wance ne, wannan atamfar da Malam ya sayo mata ce shekarar da aka yi fari, wannan zanen goyon Yaya Babba ne, wannan na masaƙar Kaduna ne tun tana aiki. Suka yi kuka, suka yi dariya, har la'asar ta yi. A ganina wannan baiwar Allah ta riga matan Yuta haɗa littafin tarihin iyali, ba tare da ta sayi gam ko na kwabo ba. Da aka tashi, kowace ta ƙulle rabonta ta tafi da shi gida ta tura ƙarƙashin gadonta, kusa da nata bakkon.

Kada maza su karanta wannan suna murmushi suna miƙa wa iyali jaridar, domin adalci ya wajabta a buɗe durowar maigida ita ma. A ciki akwai cajar Nokia wadda wayarta ta riga mu gidan gaskiya, da makullan kwaɗon da aka ɓalle tun a tsohon gida, da batura matattu, da rasit ɗin rediyon da aka sace, da katunan ɗaurin auren da wasunsu ma auren ya mutu an sake wani. A zaure kuma ga tayoyi biyu da kafireton Peugeot 504, irin wadda ake haɗawa a Kaduna a da, motar an sayar da ita tun yaran suna firamare, amma duk wanda ya matsar da su zai ji tsawa: "Ku bar mini kayana, akwai ranarsu!" Shi bai ma kai matsayin rubuta suna a goshin roba ba.

Ranar wata Juma'a, wana ya yi wanka ya shafa turare ya zura farar shaddarsa, ana ta kiran salla, sai aljihun rigar ya kama marfin ƙofa ya yage har ƙasa. Ya ce alhamdu lillahi, abin nema ya samu, yau ɗakin sana'a zai yi ranarsa. Uwargida ta shiga ta daɗe, ta fito ta ce akwai fari iri uku, farin madara da farin alli da wani mai ɗan duhu, amma babu wanda ya dace da wannan shadda. Allurai kuwa suna nan fakiti-fakiti, sai dai sababbi ne ba a ɓare ba, tsohuwar da ake amfani da ita kuma tana cikin "Sauransu", in an ce a nemo ta sai an sauke kanta biyu. Keken Butterfly yana lulluɓe da mayafinsa mai fure, an ɗora masa tukunyar turaren wuta.

Ana cikin haka sai aka jiyo ƙarar almakashi daga bakin titi, telan nan mai yawo da keke a kafaɗa yana wucewa. Aka kira shi zaure, ya zauna bisa buhun masara, ya ciro zare fari guda ɗaya tilo da yake da shi, kafin wana ya gama ɗaura agogo ya ɗinke aljihun, ya ciza zaren ya tsinke, ya karɓi 'yan kuɗinsa. Ya saɓa kekensa ke nan zai fita, sai ga yarinya ta fito da gudu daga cikin gida ta durƙusa ta ce, "Malam tela, wai in ji Umma, guntun zaren da ya rage a jikin allurar namu ne, a ba ni in kai mata."