'Yan Mishan a Idon Mai Tumatir

Mai tumatir a kasuwar Makarfi bai taɓa leƙa makarantar koyon aikin fasto ba, amma da baƙon mai bishara ya tsuguna gaban kayansa, kafin a gama gaisuwa ya riga ya san ko wane iri ne. Ilimin gado ne. Tun 1905 da Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna a birnin Zariya, kafin a koma Wusasa a 1929, 'yan kasuwar ƙasar nan suke ganin 'yan mishan. Yanzu Turawa sun yi ƙaranci. Masu zuwa ƙauyukan Maguzawa na Ikara da Makarfi da Kudan yawancinsu 'yan ƙasa ne, daga Filato da kudancin Kaduna da ƙasar Yarbawa da ta Ibo. Wasu EMS ta ECWA ce ta turo su, wasu CAPRO wadda aka kafa a Zariya a 1975, wasu kuma Angilikan da ta ba Ikara bishop nata a 2007. Sai dai wanda ya baro Ogbomosho ya sauka a Paki, ko ba a tambaye shi biza ba, ƙasar waje ya zo.

Sabon zuwa shi ne Mai Amin. Hausarsa a cikin Littafi Mai Tsarki ya koye ta, wani lokacin ma tsohuwar fassarar 1932, don haka ko ƙosai zai saya sai ya yi wa yarinya mai talla "gama" da "sa'anda", ita kuwa ta saki baki tana jiran a zo wurin maganar kuɗi. Ranar da ya fara taya albasa, mai kaya ya kau da kai ya ce, "Albarka." Bawan Allah ya ji an sa masa albarka a bainar jama'a, ya ce, "Amin, amin, kai ma Allah ya albarkace ka!" Ya hau zuba albasa a jaka. Sai da dillali da ɗan dako da wani mai wucewa suka haɗu kafin ya gane cewa tayinsa aka ƙi.

Bayansa akwai Mai Tausayi, wanda a wurinsa tayi zalunci ne. Aka ce masa kashi naira 2,000, sai ya zaro ya miƙa, har da godiya. Yana tsammanin ya kyauta. Bai san ya ɓata wa mai kaya rai ba, don an hana shi abin da ya fito yi: ba a ce ya rage ba, ba a yi masa barazanar tafiya ba, bai samu damar rantsuwa cewa ko uwar kuɗi bai mayar ba. Ga shi kuma ya ɓata kasuwa, domin duk wanda aka gani yana bin bayansa, farashin Fasto za a yanka masa. Ƙarshenta zumuntar mata ke tura wakilai: "Baba, don Allah ka huta da zuwa kasuwa. In kana son abu, ka aike mu."

Kishiyarsa Mai Rasit ne. Wannan ikilisiyar da ta aiko shi daga Legas ko Inugu tana son lissafin kowane kwabo, shi ya sa yake yawo da ɗan littafi da biro a aljihun gaba. Zai taya mudun wake tun hantsi har azahar, ya tafi, ya dawo, ya buga ƙasan mudun ya ji ko an lotsa shi, ya nemi gyara, ya nemi gyaran gyara. Da ciniki ya faɗa sai ya ce a ba shi rasit. Rasit ɗin kuka da daddawa! Abin mamaki, 'yan kasuwa sun fi girmama shi a kan Mai Tausayi. Suna zaginsa a bayan ido, amma in mako ya zagayo bai zo ba, sai ka ji ana tambaya ko lafiya.

Duk waɗannan 'yan kallo ne in aka zo ga Mama, matar mai bishara. A takarda mijin aka aiko. A zahiri ita ke riƙe da tashar. Albashin mai bishara na ƙauye ba ya kai wata, baikon manoma kuwa ba kullum yake zuwa da kuɗi ba. Ranar godiyar kaka abin da ake jibgewa gaban bagadi masara ce da dawa da gyaɗa da rake da zakara mai ƙafa a ɗaure, wani lokaci har da ɗan akuya da ke amsa waƙa daga bayan majami'a. To ita Mama ba saye kaɗai ke kai ta kasuwa ba, sayarwa ma tana kai ta. Ta san watan da masara ke faɗuwa da watan da take tashi, don haka sai ta ɓoye buhu biyu har damina ta yi nisa, kuɗin makarantar yara ya fito daga nan. Ta san rani ne lokacin tumatirin fadamun Kudan da Hunkuyi, lokacin da kwando ke araha, sai ta saya ta yanka ta shanya kauɗa. Cikin wata shida ta iya Hausar da mijinta bai iya ba cikin shekara uku, don ita a bakin mai niƙa da mai daddawa ta koya. Matan aure na cikin gari da ke kulle ba sa zuwa kasuwa, amma sun san ta sarai: ita ke shiga har ɗaka barkar haihuwa, inda Fasto iyakarsa zaure. In rahoton shekara ya tafi hedikwata, sunanta layi ɗaya yake samu, wajen gaisuwa.

Akwai Bahaushen Dole, wanda ya fi 'yan gari zama ɗan gari. Babbar riga ko da zafin bazara, hula zanna, goro a kunci ko da ɗacinsa na sa shi hawaye. Karin magana kuwa ba ya barin ko ɗaya ya huta: a wurin sayen gishiri zai jefa wanda ake faɗa a zaman makoki. Mahauta na sonsa ƙwarai, don ya ɗauka neman ragi bai dace da mai babbar riga ba.

Likita kuma ba shi ya naɗa kansa ba. Asibitin mishan na Wusasa ya daɗe yana yi wa ƙasar nan aiki, har mutanen karkara suka ɗauka duk ɗan mishan ya san allura. Mutum ya karanta tauhidi, ya zo sayen man ja, sai tsoho ya ja shi gefe ya naɗe ƙafar wando: "Likita, dubi nan." Wanda ya yi wayo yakan nuna hanyar asibiti. Wanda bai yi ba, ka gan shi da jakar Panadol har ya bar ƙasar.

Mai Sintiri ba ya sayen komai. Ya zo ne ya ga wanda ya ce zazzaɓi ya hana shi sujada ran Lahadi, ga shi yau yana ɗaga buhun masara shi kaɗai. Dattawan ikilisiya sun san launin babur ɗinsa daga nesa.

Ɗan Kwana Goma da kyamara yake zuwa. Ya ɗauki hoton jaki, ya ɗauki na raƙuma, ya ɗauki na mai yankan farce, ya ciji mazarƙwaila ya ce bai taɓa ɗanɗana abin gargajiya irin wannan ba. A nan ne nakan so in ja hannunsa zuwa Gimi, nan cikin ƙaramar hukumar Makarfi. A 1913 waɗansu daga cikin Isawa, mabiyan Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a ƙarni na 19, suka nemo Miller a Zariya, aka kafa musu zango a Gimi a ƙarƙashin Rabaran W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, ƙasar rake. Ciwon barci ya yi wa zangon mummunar ɓarna har jama'ar ta watse, da yawa suka ƙare a Wusasa. Amma matse rake da dafa ruwansa har ya daskare, wanda mishan ɗin ya koyar, ya zauna daram a ƙasar. Yau masu dafa mazarƙwaila da masu lodinta zuwa Kano galibinsu Musulmi ne, kuma ba su da labarin wani Thompson. Abin gargajiyar da baƙonmu zai kai wa ikilisiyarsa tsaraba, ɗan uwansa ɗan mishan ne ya kawo shi.

Na fi jin daɗin kallon Tsohon Hannu. Ya shekara ashirin ko fiye, ya binne iyayen mutane, ya ci sunan 'ya'yansu. Ba ya taya kaya, don an daina yanka masa farashin baƙo. Da azumi ba za ka gan shi yana shan rake a tsakar kasuwa ba. Da Sallah nama na zuwa gidansa, da Kirsimeti shinkafa na fita daga gidansa. Ya daina raba takardun wa'azi a rumfuna tun da ya ga an ƙunsa masa tsire a cikin ɗaya. Kowace ranar kasuwa yana da mazauni a teburin wani mai shayi, almajirin malamai ne na gaske, kuma sun shekara suna muhawara ba wanda ya gusa ko taƙi ɗaya.

"Fasto, har yanzu fa ina yi maka addu'ar shiriya."

"Ni ma kullum kana cikin tawa, Malam."

"To madalla. Kafin Allah ya karɓa wa ɗayanmu, akwai kuɗin shayi biyu da burodi na makon jiya."